Zaɓinka Yana Canza Ƙarshen Wasa Kuwa? Shawara Ga Masu Buga Gem

Duk wanda ya saba zama a shagunan gem na Birnin Kebbi ko Argungu ya san ƙwallo ce ke mulki. A biya kuɗin wasa ɗaya, kowa ya ɗauki ƙungiyarsa, cikin minti goma an san gwani, an san wanda zai miƙa hannun gem ga na bayansa. Amma a 'yan shekarun nan, da wayoyi suka ƙara ƙarfi, laftof na hannu kuma suka yawaita wurin ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru, da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, wasu matasanmu sun fara leƙa wani fage daban. Wasannin labari ke nan da ake kira RPG, inda za ka shiga rigar jarumi, ka yi hira da mutane, ka ƙulla abota ko gaba, ka yanke hukunci, labari ya ci gaba da tafiya da kai.

Daga nan gardama ta tashi. Wasu na cewa ruɗi ne kawai, duk abin da ka zaɓa wuri ɗaya za ka ɓulla. Wasu kuma na rantsuwa cewa kowace amsa da ka danna sai ta juya ƙarshen labari. Kowane ɓangare gaskiyar wasan da ya taɓa bugawa yake faɗa. Akwai wasan da zaɓinka ba ya motsa komai a cikinsa, akwai wanda zaɓi ɗaya tak ne ke aiki, akwai kuma wanda ke bin diddigin halinka tun daga farko ya biya ka da shi a ƙarshe. Abin da ya kamace ka, ƙanena, shi ne ka iya gane irin wanda ke gabanka tun kafin ka ƙona data da kuɗi da dararen barci a kansa, sannan ka san yadda ake buga shi. Sai dai ka sani, dole in buɗe ƙarshen wasu tsofaffin wasanni don bayanin ya fito sarai.

Dalilin da ya sa ba kowane zaɓi ke da nasa ƙarshe ba

Asalin wannan nau'i wasan tebur ne, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A can mutum ne ke jan labari. Idan ɗan wasa ya zo da dabarar da ba a zata ba, mai jan labari sai ya ƙirƙiro abin da zai biyo baya nan take. Da aka mayar da abin cikin kwamfuta, wannan damar ta tafi. Duk abin da zai faru sai an riga an rubuta shi, an zana shi, an ɗauki muryar masu magana, an gwada, an biya ma'aikata.

Yi lissafin da kanka. Idan labari yana da mararraba 10, kowace ta rabu gida biyu ba tare da sun sake haɗuwa ba, ƙarshe 1,024 ke nan. Idan mararrabar ta kai 20, an haura miliyan ɗaya. Babu kamfanin da zai iya gina wannan. Shi ya sa suke yin abin da gulbinmu ke yi a fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi: ruwa ya rarrabu hannu-hannu, kowane ya ratsa nasa gonakin shinkafa, can gaba su sake haɗewa su gangara Kwara tare. Ka bi hannun dama ko na hagu, abin da za ka gani a hanya ya bambanta, amma gulbin ɗaya ne.

Dabara ta biyu ita ce rajista. Wasan yana rubuta wasu ayyukanka a ɓoye: ya ceci wane ko bai cece shi ba, ya karɓi cin hanci ko ya ƙi, mutanen gari kaza suna ƙaunarsa ko suna jin haushinsa. Idan aka zo wani wuri sai ya buɗe rajistar ya duba, ya nuna maka abin da ya dace da kai.

Chrono Trigger, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1995, ya nuna dabarun nan biyu a wuri guda. A farkon wasan kana yawo a wani bikin gari. Ga abincin wani tsoho a ajiye, kana iya cinyewa. Ga yarinya tana neman kyanwarta, kana iya taimaka mata ko ka wuce. Ka yi karo da wata budurwa ta faɗi, abin wuyanta ya yi gefe, kana iya fara duba lafiyarta ko ka fara ɗaukar abin wuyan. Babu wanda ya ce maka ana kallo. Can gaba sai a gurfanar da kai a kotu, shaidu su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da ka aikata a bikin. Ana iya wanke ka, ana iya kama ka da laifi. Amma ko wanne aka yi, kurkuku za ka kwana, domin labarin yana bukatar ka shiga can. Rajista ta yi aikinta, rassa kuma sun sake haɗuwa.

Iri huɗu da za ka ci karo da su

Na farko shi ne mai hanya ɗaya. Wanda ya gama GTA San Andreas ko God of War ya san irinsa, ko da yake su ba RPG ba ne: ka ci mishan, a buɗe na gaba, kowa a duniya ƙarshe ɗaya yake gani. A cikin RPG ma akwai su da yawa. A Final Fantasy VII na 1997, Aerith tana mutuwa a tsakiyar labari, kuma an shekara da shekaru ana yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita, alhali babu. Genshin Impact da ake bugawa a waya yana yawan ba ka amsa biyu ka zaɓa, amma babban labarinsa ba ya kaucewa. Wannan ba aibi ba ne. Labari mai hanya ɗaya yakan fi tsari da daɗi. Laifin kawai shi ne ka shiga da tsammanin abin da ba a yi maka alkawari ba.

Na biyu shi ne mai zaɓi a bakin ƙofa. A GTA V na 2013, duk abin da ka yi a baya ba ya shiga lissafi. Ana dab da rufewa sai a ba Franklin zaɓi uku: ya kashe Trevor, ya kashe Michael, ko ya sayar da ransa ya tsirar da su duka. Star Wars: Knights of the Old Republic na 2003, wanda yanzu ake samu a waya, yana da ma'aunin da ke nuna ko kana karkata ga alheri ko ga sharri, amma hukunci ɗaya da za ka yanke a saman wani ɗakin bauta kusa da ƙarshe shi ne ke raba gardama. Irin wannan ne ya jawo rikici a 2012. Mutane sun kwashe shekara biyar suna bin jerin Mass Effect na kamfanin BioWare da ke Kanada, suna ɗauko ajiyarsu daga kashi na ɗaya zuwa na biyu zuwa na uku, sai suka tarar ƙarshen zaɓi uku ne masu kama da juna. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yunin shekarar don ya nuna makomar mutane da duniyoyin da ɗan wasa ya taɓa.

Na uku shi ne wanda hanya ke bambanta amma masauki ɗaya ne. The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, shi ne babban misali. Kana yanke hukunci masu nauyi cikin daƙiƙoƙi: wa za ka ceta, wa za ka ba abinci alhali bai isa kowa ba, me za ka gaya wa ƙaramar yarinyar da ke hannunka. Wasan yakan rubuta a gefen allo cewa wane zai tuna da abin da ka faɗa. Duk da haka jarumin, Lee, ba ya tsira ko me ka yi. Abin da ke canzawa shi ne waɗanda suka raka ka, da yadda suke kallonka, da tarbiyyar da ka bar wa yarinyar. Skyrim na 2011 ma haka yake ta wani gefe: kana iya zaɓar ɓangaren da za ka mara wa baya a yaƙin basasa, garuruwa su canza masu mulki, amma babban labarin, na yaƙi da wani dodo, wuri ɗaya yake tsayawa.

Na huɗu shi ne wanda masu wannan tambaya ke nema, inda ayyukanka ke taruwa su haifi ƙarshe. Nan ya kamata mu ɗan daɗe.

Ɗauki Mass Effect 2 na 2010. Kana tara mayaƙa, har goma sha biyu, don wani hari da aka gaya maka tun farko cewa da wuya a dawo. Kowane ɗayansu yana da wata damuwa tasa ta gida da zai roƙe ka ka taya shi warwarewa. Jirginku yana bukatar ƙarin sulke da garkuwa da bindiga. Babu wanda zai tilasta maka yin ko ɗaya. Amma ranar harin, kowane gyara da ka tsallake ran mutum ɗaya ne. Wanda ba ka share wa hawaye ba ya fi saurin faɗuwa. Idan ka tura wanda bai san na'ura ba aikin na'ura, ko ka ɗora wanda bai iya jagoranci ba a kan runduna, gawa za a ɗauko. Ana iya dawowa da kowa lafiya, ana kuma iya rasa kusan kowa har da jarumin kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red da ke Poland, wanda ya fito a 2015, ya fi wannan wayo. Geralt yana neman 'yar riƙonsa, Ciri. Makomarta uku ce: ta bi sana'arsa, ta hau gadon sarauta, ko ta tafi ba ta dawo ba. Abin da ke yanke wannan ba manyan yaƙe-yaƙe ba ne, wasu 'yan ƙananan lokuta ne da ba za ka ɗauke su bakin komai ba. Tana cikin baƙin ciki, ka ja ta wasan jifa da ƙanƙara ko ka yi mata wa'azin cewa ba dole ta iya komai ba? Mahaifinta sarki ya miƙo maka kuɗin ladan kawo ta, a gabanta, ka karɓa ko ka ƙi? An kira ta wani taro mai nauyi, ka bar ta ta shiga ita kaɗai ko ka bi ta kana magana a madadinta? Ta ce tana son ziyartar kabarin wanda ya taimake ta, ka raka ta ko ka ce babu lokaci? Wasan yana auna abu ɗaya ne: ka ƙarfafa mata gwiwa ko ka danne ta da sunan kariya. Da yawa sun zaɓi abin da suke gani kulawa ce, suka wayi gari da mafi munin ƙarshe.

Fallout: New Vegas na 2010 kuma siyasa ce. Ana rikici kan wata madatsar ruwa mai ba da wuta, kana iya bin ɗaya daga manyan ɓangarori uku ko ka kama mulki da kanka, hanya huɗu ke nan. Bayan an gama sai a bi gari-gari da ƙungiya-ƙungiya ana gaya maka abin da ya same su saboda abin da ka yi ko ka bari. Shi kuwa Undertale, wanda Toby Fox ya fitar a 2015, ɗan ƙaramin wasa ne mai zane irin na da, amma kana iya gama shi ba ka kashe kowa ba, ko ka kashe wasu, ko ka share kowa, kowanne da labarinsa daban. Idan ka bi hanyar kisan har ƙarshe, wasan ba ya mantawa. Ko ka sake farawa ka zama mutumin kirki, sai ya ɓata maka kyakkyawan ƙarshen.

Yadda za ka gane kafin ka sauke

Kada ka dogara da talla. Kusan kowane wasa yana rubuta cewa zaɓinka na da tasiri. Kafin Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam ya fito a 2023, an yi ta yayata cewa yana da ƙarshe 17,000. Wasan yana da rassa na gaske, babu musu, amma wannan adadi lissafin ƙananan bambance-bambance ne, kamar wa ke raye, wa ke tsaye kusa da kai, wa ya faɗi me. Manyan hanyoyin ba su da yawa. Duk lokacin da ka ji babban adadi, tambayi kanka: nawa ne daga ciki ke canza wanda ya rayu, wanda ya yi mulki, da abin da ya sami jarumi?

Duba jerin lambobin yabo na wasan, waɗanda Steam da PlayStation ke nunawa. Idan ka ga lambobi daban-daban na kammala labari tare da ɓangare kaza ko ɓangare kaza, akwai rassa na gaske. Kana kuma iya bincika adadin ƙarshen wasa a intanet ka tsaya a kan lambar kawai, ba tare da ka buɗe bidiyon da zai tona maka komai ba.

Idan wasan ya riga ya shigo hannunka, gwada shi. Yi sebin kafin hira ta farko mai zaɓi, ka ba da amsa mai daɗi, ka ga abin da za a mayar maka. Koma baya ka ba da mai zafi. Idan magana ɗaya aka maimaita maka, kuma haka ya faru a wuri uku ko huɗu, ka san inda aka dosa. Wanda ya saya a Steam yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai buga awa biyu ba, don haka a yi gwajin da wuri.

Ka yi hattara da wasannin waya masu sayar da zaɓi. Za a sauke su kyauta, labari ya ɗauko daɗi, sai a kawo ka mararraba: amsar banza kyauta ce, amsar kirki kuwa sai ka biya da lu'ulu'u, lu'ulu'un kuma da kuɗinka na gaske ake saye. A nan aljihunka ne ke zaɓi. Gara ka biya sau ɗaya ka mallaki cikakken wasa da a riƙa tatsar ka kaɗan-kaɗan.

Sannan ka auna na'urarka. Baldur's Gate 3 yana neman wurin gigabait 150 da kwamfuta mai ƙarfi. Sauke shi da datar waya ba ƙaramin aiki ba ne. New Vegas kimanin gigabait 10 ne, kuma tsohuwar laftof tana ɗaukarsa. Undertale bai wuce megabait 200 ba. Chrono Trigger da Knights of the Old Republic suna nan a waya, na saye ne. Duba tsawon wasan ma, domin babban labarin The Witcher 3 kaɗai yana cin awa 50 ko fiye.

Yadda za ka buga don zaɓinka ya yi amfani

Abu na farko ajiya. Kada ka bar wa wasa ya riƙa yi maka sebin shi kaɗai, domin yakan rubuta sabo a kan tsoho, hanyar komawa ta toshe. Ka riƙa yi da hannunka a gurabe uku ko huɗu kana juya su, ka ware gurbi ɗaya na musamman duk lokacin da wasa ya gargaɗe ka cewa daga nan babu dawowa. A garuruwanmu wannan ya zama dole, domin ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya fayil ya lalace, a watannin Maris da Afrilu kuma zafi kan sa waya ko laftof ta mutu ba sallama. Idan a shago kake bugawa, roƙi mai shago ya buɗe maka suna naka a na'urar, in ba haka ba wani yaro zai zo bayanka ya ci gaba da labarinka ya yanke maka hukuncin da ba ka so. PS4 tana bari a kwafi ajiya a filashi. Ka yi hakan, ka tafi da abinka gida.

Na biyu harshe. Wasannin nan da Turanci suke zuwa mana, wani lokaci Turanci mai karin magana da habaici. Wanda ya saba danna maɓalli don hira ta wuce a kai ga faɗa, shi ne ke dawowa yana cewa zaɓi ba ya aiki, alhali bai san me ya zaɓa ba. Kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ka karanta a natse, ƙamus na wayarka a kusa. Ka lura kuma cewa ɗan guntun rubutun da ake ba ka ka zaɓa ba kullum yake daidai da abin da jarumi zai furta ba. Kana ganin lallashi ne, sai ka ji ya yi tsawa. Inda aka sa agogo a kan zaɓi, yi sebin kafin ka shiga hirar.

Na uku, kada ka raina ƙananan ayyuka da abokan tafiya. A wasannin nau'i na huɗu, a nan ake shuka ƙarshe. Bayan kowane babban mishan, zagaya ka gaisa da mutanenka, ka ji abin da ke damunsu. Wanda ya miƙe hanya yana sauri don ya riga abokinsa gamawa, shi ne ke samun ƙarshen da babu kowa a cikinsa.

Na huɗu, tun farko ka tsayar da halin jaruminka. Mai amana ne, mai son kuɗi ne, mai zafin zuciya ne? Ka tsaya a kai. Wasanni da yawa suna buɗe wasu amsoshi ne kawai ga wanda ya dage a hanya ɗaya, mai tsalle tsakanin nan da can kuwa yakan tashi babu ko ɗaya.

Na biyar, kuma shi ne na fi so ka riƙe: zagayen farko ka buga shi da kanka, ba tare da YouTube yana gaya maka abin da za ka danna ba. Wanda ya bi jagora daga farko zuwa ƙarshe ya sami kyakkyawan ƙarshe, amma na wani ne. Kuma ka koyi haƙuri da sakamako. A The Witcher 3 akwai wata ruhi da ke ɗaure a gindin bishiya tana roƙon ka sake ta. Idan ka sake ta, marayun da ke cikin haɗari za su tsira, amma wani ƙauye zai hallaka, wani gida kuma ya rushe. Idan ka kashe ta, ƙauyen ya tsira, marayun sun tafi. Babu zaɓin da zai fitar da kai da hannu fari. Wanda ke komawa baya duk lokacin da abu ya yi ɗaci yana zubar da abin da ya sa wasan ya yi daraja. Ajiyar da na ce ka yi ta tsaron wuta ce da kuskuren fahimtar harshe, da kuma dawowa daga baya don ganin sauran hanyoyi.

Bayan ka gama, ba dole ka sake kwashe awa 50 don ganin wani ƙarshen ba. Idan wasan mai zaɓi a bakin ƙofa ne, koma ajiyarka ta ƙarshe, rabin awa ya isa. Idan mai tara ayyuka ne kuma ya shiga ranka, ka huta wata ɗaya ko biyu ka sake shi da wani hali daban. In ba haka ba, yanzu ne lokacin kallon sauran a bidiyo.

Kalma ga iyaye da yayye

Yawancin manyan wasannin da na ambata, irin su The Witcher 3, Baldur's Gate 3, GTA V, New Vegas da The Walking Dead, alamar shekara 18 ke jikinsu a tsarin tantancewa na Turai. Akwai zubar da jini, da shan giya, da tsafi, wasu har da tsiraici. Ba na yara ba ne, kuma babba ma ya san abin da addininsa da tarbiyyarsa suka yarje masa ya kalla. Alamar shekarun tana nan a jikin kwali da shafin saukewa, a duba ta kafin a miƙa wa yaro waya. Chrono Trigger da Undertale sun fi sauƙi ta wannan fuska, ko da yake su ma yana da kyau babba ya fara leƙawa.

Wasan labari kuma ya fi ƙwallo cin lokaci, domin ba shi da busar tashi. A yanka masa lokaci tun kafin a kunna, kada ya ci salla, ko karatu, ko aikin gona da na kasuwa. Idan ƙaninka yana bugawa, zauna kusa da shi wata rana ka tambaye shi dalilin da ya sa ya yafe wa wane ya hukunta wane. Za ka ji yadda yake tunani fiye da yadda za ka ji idan ka tsare shi da tambaya kai tsaye.

Mu ma muna da labarin da za a yi wa rassa

Duk misalan nan daga Japan, Sin, Amurka, Kanada da Turai suka fito. A Afirka ma an fara: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion, wasan RPG da aka gina a kan al'adun nahiyar. Kayan aikin farawa kuwa kyauta ne. Twine manhaja ce da ake rubuta labari mai rassa da ita ba tare da sanin harshen kwamfuta ba, abin da ka rubuta kuma yana buɗewa a kowace waya kamar shafin intanet. Ren'Py tana ƙara hoto da sauti, tana kuma fitar da wasan Android. Dukansu suna karɓar Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ɗinta.

Labari ba mu rasa shi ba. Ga Muhammadu Kanta da ya ɓalle daga Songhai a ƙarni na 16 ya kafa Surame. Ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, ta kuma zama mafarin bikin kamun kifin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Tarihi ba ya canzawa, don haka kada ka ba ɗan wasa rigar sarki. Ba shi ta wani masunci da ke shirin shiga gulbin Matan Fada da homa da gora, ko ta manomin shinkafa da zai yanke shawarar cin bashi ko haƙura, a shekara irin 2020 da ambaliya ta cinye gonakin jihar Kebbi. Fara da mararraba biyar da ƙarshe uku, ka riƙe rajistar abu biyu kawai, misali amana da dukiya. Wannan aikin hutun zango ɗaya ne ga ɗalibin da ya sa kansa.

Ga mai neman inda zai fara bugawa, shawarata a taƙaice ita ce: mai waya ya nemi Chrono Trigger, mai tsohuwar laftof ya fara da Undertale, babban da ke da na'ura mai ƙarfi kuma ya san abin da zai tarar ya gwada Mass Effect 2. Ku kuma ɗalibanmu na kwamfuta a Birnin Kebbi, da marubutanmu na Argungu, ku haɗa kai ku ba mu wasa ɗaya da Hausa, komai ƙanƙantarsa, wanda yaron Kabi zai zaɓi hanyarsa a ciki da harshen da yake mafarki da shi. Allah Ya ba da sa'a.